Makullin da Malam Hu Ya Ajiye a Kan Tebur

Ƙarfe bakwai saura kwata, ko ana ruwa ko ana rana, za ka ji kukan kekensa tun daga kwanar mai faci. Keken nan ya girmi rabin malaman makarantar a wurin aiki, sarƙarsa kuwa ba ta taɓa yin shiru ba duk man da ake ɗura mata. Zai sauka a bakin get ya gaisa da Baba mai gadi, gaisuwa ta sosai, har da tambayar gwiwar nan da ta ƙi warkewa, sannan ya jingine keken a gindin bishiyar bayan ofis. Daga nan sai aji. Shi zai goge allo da hannunsa, ya jera alli uku a bakin taga, ya zauna da tulin littattafan ɗalibai da jan bironsa, yana dubawa yana gyaɗa kai, har a kaɗa ƙararrawa. Shekara talatin da biyar ya yi a kan haka. Ranar Juma'ar da ta wuce ce ta ƙarshe.

Malamin Turanci ne, amma in ka shigo unguwa kana cigiyar malamin Turanci, sai a yi ta yawo da kai gida-gida. Ka ce Malam Hu kawai, mai kanti zai bar kantinsa ya raka ka har ƙofa. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, ya kuma bi shi har jikoki.

Ga asalin abin. Akwai wata 'yar kalma a Turanci, somebody, wadda mu za mu ce wani ko wata, wato mutum guda da ba a san ko wane ne ba. Makon farko na kowace shekara a kanta yake ƙarewa. Yakan ce mutum ɗaya take ɗauka ba taro ba, saboda haka a bi da ita a jimla yadda ake bi da mutum ɗaya. In tambaya kake yi, ko kana musun abu, to yawanci ƙanwarta anybody ce mai aikin. Ita kuma nobody ta riga ta yi musun da kanta, wanda ya ƙara mata not ya zuba gishiri sau biyu a tukunya ɗaya. Wannan duk yana cikin littafi, kowane malami zai iya karantowa ya juye wa yara ya kama gabansa.

Abin da ba ya cikin littafi shi ne dokar Malam. A wurinsa kalmar nan ta wanda da gaske ba ka sani ba ce. In ɗalibi ya rubuta cewa somebody ya fasa gilashin taga, sai Malam ya zagaye kalmar da ja, ya rubuta Who? a gefe, ana faɗinta Hu, wato wane ne. Ya kira ka gaban teburinsa, ya zare tabarau, ya tambaye ka a hankali ko ka san mutumin. In ba ka sani ba, shi ke nan, kalmar ta zauna daidai, ya ba ka makinka. In kuwa ka sani, to ka ɗauki kalmar kirki ka mai da ita bargon rufe ɓarna, koma ka sake. Ba ya duka, ba ya zagi. Hu ɗin nan kawai, da idon nan ba tabarau, sun isa. Ƙattin ajin ƙarshe masu gemu-gemu sun sha matse hawaye a gaban teburin nan.

Kuma ba a kan laifi kaɗai ba. Wata shekara kusan rabin aji suka rubuta cewa somebody ke share musu aji kullum da safe. Malam ya zagaye duka, ya ce shi dai bai taɓa ganin tsintsiya tana yawo da ƙafarta ba, su je su gano. Sai ga yara sun dawo suna sosa ƙeya: ashe wata dattijuwa ce mai zama bayan rijiya, shekara shida tana kwashe musu datti, ba wanda ya taɓa ce mata sannu. Tun daga ranar ba ɗalibin da ke wuce ta bai rusuna ba. Ita ta ba da wannan labari da bakinta, tana yi tana goge ido da gefen mayafi.

Wata tsohuwar ɗalibarsa, yanzu nas ce, ta ce har yau in za ta rubuta rahoton miƙa aiki ba ta iya cewa an ba majinyaci magani ta yi shiru. Sai ta faɗi wanda ya ba shi da lokacin da ya ba shi, ko da ita ce ta makara, don tana jin Hu ɗin nan a ƙeyarta. Ranar Asabar kuma barandar gidansa ofis ce: mai neman aiki, mai nema wa 'yarsa gurbin karatu, kowa da takardarsa a hannu. Wani direban kamfani ya taɓa zuwa yana son a rubuta masa cewa wani ne ya daki motar ta baya, alhali shi ya yi ribas ya rungumi turken lantarki. Malam ya ajiye biro ya ce wannan ba aikinsa ba ne. Da direban ya gama zufa ya faɗi gaskiya, Malam ya zauna ya tsara masa ita tiryan-tiryan, ba ƙari ba ragi, kuma mutumin yana nan a kan aikinsa har yau. A makaranta kuwa, ba takardar da ke fita daga ofis ba ta bi ta ƙarƙashin jan bironsa ba. Shugabanni biyar ya gyara wa Turanci, ba wanda ya taɓa jin ya faɗi kuskurensu a waje.

Malam, kai ne ka koya mana cewa duk aikin da aka yi, akwai hannun da ya yi shi. Kai ne ka zauna a aji ɗaya har silin ɗinsa ya san muryarka, waɗanda ka koyar suna wucewa a mota suna yi maka hon, kai kana kan kekenka kana ɗaga musu hannu da murna. Mai jan biro, mai sanyin murya, ba mu taɓa jin ka ɗaga ta a kan ɗan kowa ba.

To, da a nan aka tsaya da jinjina ta yi daɗi, kowa ya tafa ya tashi. Amma ba za a tsaya ba, don akwai wadda ta shekara tara tana jin kukan keken nan gabanta na faɗuwa, kuma ita ce ta ce a rubuta komai, kada a rage ko kaɗan.

Shugabar makarantar ce. Ɗalibarsa ce tun tana 'yar shekara goma sha biyu, 'yar bencin gaba, mai ɗaga hannu kafin a gama tambaya. Shi ya cika mata fom ɗin kwalejin malamai, shi ya je ya shawo kan mahaifinta da tsohon ya ce nisan ya yi yawa. Ranar da aka ba ta shugabancin makarantar da ta yi, ta zama shugabar malaminta, Malam ya fi kowa rawar kai. Ya yi ta zagaya ɗakin malamai yana cewa a tashi a gaida 'yarsa.

Wata uku da hawanta kujera, 'yan ajin ƙarshe suka gama jarrabawar fita. Takardun amsoshinsu, na ɗalibi ɗari da goma sha huɗu, aka zuba a ambulan, aka jera a kwalaye, aka kai sito ana jiran motar hukumar makarantu ta zo ta kwasa ranar Litinin. Makullin siton biyu ne, ɗaya a hannun Shugaba, ɗaya a hannun Malam, don shi ne mai kula da jarrabawa. Ranar Juma'a da yamma, bayan an watse, ta shiga ta sake ƙirga ambulan ɗin, irin zumuɗin sabon shiga. Tana cikin ƙirga aka kira ta a waya cewa ƙaramar 'yarta ta suma, an wuce da ita asibiti. Ta fito a guje, ta jawo ƙofa, ta maƙala kwaɗo ba ta danna ba, makullin ma a jiki ta bar shi. Ranar Asabar aka tsuge da ruwa da iska irin mai yaye kwanon rufi. Ƙofa ta wangale, ruwa ya yi ta feshi ciki, awakin unguwa suka samu mafaka, suka kuma samu abinci.

Litinin Malam ne ya fara gani, da yake shi ke fara zuwa. Lokacin da Shugaba ta iso, ido jawur don kwana uku a gefen gadon asibiti, ta tarar da shi tsugune cikin laka yana ɗaga takardu ɗaya-ɗaya, tawada ta narke, wasu sun dame, wasu ba rabinsu. Ta kalli kwaɗon, ba makulli a jiki. Ta shige ofis. Jim kaɗan ya yi sallama ya shigo, ya tambayi mai jiki, ta ce da sauƙi, ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da makulli, nata, mai ɗan zoben roba shuɗi, ya ajiye a kan tebur kusa da hannunta, ya juya ya fita.

Hukuma ta ce a kawo rahoto cikin kwana biyu, da Turanci. Ta zauna ta rubuta ta yaga, ta rubuta ta yaga. Ta tuna da masu cewa an ɗora yarinya a kan manya, za a gani. Ta tuna 'yarta kwance da robar ƙarin ruwa a hannu. A ƙarshe ta rubuta cewa somebody ya bar sito a buɗe, ta gaya wa kanta ai ba ƙarya ta yi ba, ba ta kuma ambaci kowa ba. Ta so ta aika a ɓoye, amma akawu ya riga ta. Ya ga takarda za ta fita, ya yi abin da ake yi shekara da shekaru, ya kai wa Malam.

Kafin a tashi takardar ta dawo. Ya gyara waƙafi biyu, ya miƙe wata jimla da ta karkace, ya sa kwanan wata da ta manta. Ta bi layi-layi da yatsa har ta kai kan kalmar. Fes take, ba da'ira, ba tambaya a gefe. Mutumin da bai taɓa barin kalmar nan ta wuce wa ɗan shekara goma sha biyu ba, ya bar wa Shugaba. Daga baya ta ce da zagaye ta ya yi, da ta samu ƙarfin tashi ta je gaban teburinsa. Da ya bari, sai ta ruɗi kanta cewa izini ne, ta sa hannu ta aika.

Mutanen hukuma su uku suka zo, kuma ba su zo don su daɗe ba. Suka tambayi Shugaba ina makullinta, ta buɗe jaka ta nuna. Suka tambayi Malam, ya nuna nasa. Suka ce to wa ya bar ƙofa. Malam ya jira, ta san ita yake jira, ya jira har shirun ya fara ciwo, ita kuwa ta kafa ido a kan takalminta. Sannan ya ce shi ne mai kula da jarrabawa, wajibinsa ne ya ja kwaɗon nan da hannunsa kafin ya bar makaranta ranar Juma'a, kuma bai koma ya ja ba. Ko a nan bai yi ƙarya ba. Su kuwa abin da suka zo nema ke nan, suka rufe littafinsu suka shiga mota.

Aka sa masa takardar gargaɗi a fayil, ta sakaci da aiki. Aka karɓe jarrabawa daga hannunsa. Kujerar mataimakin shugaba da kowa ya san tasa ce, aka ba wani wanda shi ya koya wa riƙon alli. Yara ɗari da goma sha huɗu sai da suka sake rubutawa bayan wata uku, iyaye kuwa suka yi masa ca. Wani uba ya tare shi a bakin get, a gaban ɗalibai, ya ce masa tsohon banza wanda ya ciyar da awaki da wahalar 'ya'yan mutane. Wani shaƙiyyi ya zana akuya a allonsa tana taunar takarda. Malam ya goge, ya jera allinsa, ya fara darasi. Hutun shekarar nan kaf a ƙarƙashin bishiya ya yi shi, yana sake bi da yaran nan daga farko, har da ɗan mutumin da ya zage shi.

Ita fa? Ta canza lokacin zuwanta don kada su haɗu a get. Ta ba shi aji mai fanka, ta rage masa darussa, ta sa aka gyara masa kujera, duk don ta lallashi zuciyarta, zuciyar ta ƙi lallasuwa. Da ya canza mata fuska da ta samu sauƙi. Ina! Yana nan yadda yake, yana gyara mata takardu, yana tambayar yarinyar nan da ta warke har ta shiga sakandare. Sau da yawa ta tashi da niyyar yau za ta faɗa, sai ta ce bari a gama zango, bari a gama gini, bari baƙi su tafi. Kunya ta hana ta faɗa a makon farko, kunyar jinkirin kuma ta hana ta a sauran shekarun.

Saura mako biyu Malam ya yi ritaya akawu ya shigo da fayil ɗinsa. Akwai fom na ƙarshe, na shaidar aiki, kuma a ciki akwai tambayar ko an taɓa samun ma'aikacin da sakaci. Akawu ya riga ya sa alama a kan amsar e da fensir, ya nuna mata wurin sa hannu. Ya ce gara a hanzarta, don in aka rufe fayil ranar sallama ya rufu ke nan, ba a ƙarawa, ba a cirewa. Ta ce ya bari zuwa gobe. Goben ta zama kwana huɗu, fayil yana kan tebur, ta ɗora masa rajista a kai don kada ta riƙa ganinsa.

Rana ta biyar da yamma ta tafi gidansa. Ba ya nan, ya kai keke gyara. Matarsa, wadda duk ɗalibansa ke kira Mama, ta shimfiɗa mata tabarma a baranda, ta kawo ruwa, ta koma ta ci gaba da ninke wanki. An gaisa, an tambayi yara, magana ta ƙare. Mama ce ta gaji ta ajiye rigar da ke hannunta.

"'Yar nan, sha ruwanki. Na san abin da ya kawo ki."

Shugaba ta tambaya ko Malam ne ya gaya mata. Mama ta yi 'yar dariya wadda ba ta daɗi ba. Ta ce bai taɓa ba, ko da wasa. Amma shekara arba'in tana zaune da mutumin da sai ya kai bakin titi ya dawo ya sake jan kwaɗon gidansa, wa zai zo ya ce mata shi ya bar sito a buɗe? Ta ce ta yi shekara guda ba ta shiga taron mata ba saboda kallon da ake bin ta da shi. Ta ce ranar da takardar gargaɗin nan ta zo, ya zauna a nan inda Shugaba ke zaune tun la'asar har rana ta faɗi, abinci ya huce a gabansa.

"Ni ba na neman komai a wurinki. Kujerar ta wuce, zagin ma ya wuce. Amma kada ki bari a rufe masa takarda da abin da bai yi ba. Yana da jikoki."

Ana haka sai ga kukan keke. Malam ya shigo da fara'a, ya ce yau manyan baƙi ne a gidan, ya tambayi yarinya da karatunta. Kuma, abin kunya ba ya ƙarewa, ko a nan ba ta iya faɗa ba. Ta ce ta zo ne a kan tsarin bikin sallama, ta tambaye shi ko yana son a yi a fili ko a zaure, ta yi sallama ta fita. Mama ko kallonta ba ta yi ba. Sai da ta shiga mota ta kifa kai a sitiyari ta yi kukan da ta shekara tara tana haɗiyewa.

Washegari ta rubuta wa hukuma wasiƙa, shafi ɗaya. Ta faɗi ranar, ta faɗi sa'ar, ta ce ita ta shiga sito, ita ta bar makulli, ita ta yi shiru aka hukunta wani a madadinta. Ba ta ba akawu ba, da ƙafarta ta kai. Babban jami'in ya karanta, ya ɗago ya tambaye ta ko ta san abin da wannan zai jawo mata. Ta ce ta sani.

Ranar sallama aka kafa rumfuna a filin makaranta. Iyaye, tsofaffin ɗalibai, nas ɗin nan, direban nan, dattijuwar bayan rijiya, duk sun zo. An yi jawabai, an yi ta yabo, Malam yana zaune a kujerar gaba cikin farin kaya yana ta sunkuyar da kai. Da aka zo kan Shugaba, kowa ya gyara zama don a ji Turanci. Sai ta ajiye jawabin da aka buga mata, ta ciro kwafin wasiƙar, ta karanta, sannan ta maimaita da Hausa don kada wani ya ce bai gane ba.

Ta gama ta tsaya tana jiran salati da hayaniya. Iyaye dai sun yi, wasu har da riƙe baki. Amma da ta juya gefen malamai, ba ta ga mamaki a fuskar kowa ba. Kowa ya sunkuya, wannan yana gyaran agogo, wancan yana karatun tafin hannunsa. Sai Baba mai gadi ya dogara sandarsa ya miƙe, ba wanda ya ba shi izini. Ya ce shi ma a yafe masa. Ya ga fitarta a guje ranar Juma'ar, ya kuma ga Malam ya zare makulli mai shuɗin zobe ranar Litinin, amma ya yi shiru don kada a tambaye shi inda yake lokacin da ƙofa ke bugawa, alhali yana ɗakinsa yana jinyar gwiwa. Akawu ya ce shi ma ya ga makullin a kan tebur, da laka a jikinsa.

Haka abin yake. Mun sani. Duk ɗakin malamai mun sani tun makon farko, mai wannan rubutu ma yana ciki. Mun yi ta raɗa a tsakaninmu, muna cewa Allah sarki Malam, muna shan shayinmu. Muna tsaye aka zage shi a bakin get. Kowa yana tsoron ɓata wa sabuwar shugaba, kowa yana da abin da yake nema a ofis. Ita aƙalla 'yarta ce a asibiti. Mu ba mu da ko wannan.

Aka miƙa wa Malam lasifika. Ya tashi a hankali, ya gode wa kowa, ya roƙi gafarar duk wanda ya taɓa ɓata wa. Sannan ya ajiye lasifikar ya juya wajenta, amma da yake wurin ya yi tsit, har na baya sun ji.

"Wata uku kike a kujera, 'yarki tana kwance. Da na faɗa, da sun cire ki, ni kuma na san abin da za ki iya yi wa makarantar nan. Sai na ce bari in jira ki faɗa da bakinki." "Gaskiya ban zaci zai kai shekara tara ba. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba."

Ta durƙusa a gabansa, a gaban ɗalibanta da iyayensu. Ya ce ta tashi, shugaba ba ta zama a ƙasa ana kallo. Ya ce ya yafe tun tuni, Mama ce dai sai an bi ta a hankali. Mama ta harare shi, mutane suka yi dariya da hawaye a ido. Kafin ya koma kujerarsa ya ƙara da cewa Litinin iyaye za su cika ofis da tambayoyi, wasu da zagi, kada ta kuskura ta ce ba ta nan.

An cire takardar daga fayil ɗinsa kafin a rufe. Irinta tana cikin na Shugaba yanzu, kuma har yau hukuma ba ta ce ga makomar kujerarta ba. Kujerar mataimaki da shekaru taran nan kuwa, ba ofishin da ke mayar da su.

Malam, mun gode, kuma mun ji kunya. Kai ne ka ɗauki kayan da ba naka ba, ka bi ta gabanmu da shi kullum da safe, ba wanda ya ce kawo in kama maka. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiyar cin hutunka, ya sanyaya zuciyar Mama a kanmu. Ku kuma masu karatu, in akwai wanda ke ɗauke da laifinku a wurin aiki ko a gida, yana gaishe ku kullum kamar ba komai, kada haƙurinsa ya ruɗe ku. Yana jin ciwo, kuma jiranku yake. Ku je yau, tun yana da rai, tun ana iya gyarawa.

Litinin ɗin iyaye suka zo kamar yadda ya faɗa, tun kafin a buɗe ofis, ransu a ɓace. Shugaba ta sauko daga mota, ta nufi ƙofa ita kaɗai, mu kuma muna leƙe ta tagar ɗakin malamai. Sai ta tarar da mutum zaune a bencin ƙofar ofishinta. Ranarsa ta farko ta hutu ke nan bayan shekara talatin da biyar, ba wanda ya kira shi. Ya matsa ya ba ta hanya, ya ce ta shiga ta fara kiransu ɗaya bayan ɗaya, shi yana nan har na ƙarshe ya fita.